Wa Ya Ce Sai Sha Ɗaya?

Dakata, Malam, kada ka wuce. Na ga taɓe bakin da ka yi tun daga kan take. Ka ce mutum ya je har Makka ya dawo, ba dabino, ba bagaruwa, ba ko ɗan zamzam a murfin gora, sai zancen tamaula? To ka yi haƙuri, tsarabar ta ƙare tun a filin jirgi, dangi sun yi mata wawaso. Labari kaɗai ya rage a jakata, shi ma don ba a biya masa kuɗin awo ne.

Laifin na rago ne. Ka'akiyya na je, can kudancin Makka, kasuwar dabbobin da alhazai masu taurin kai irina ke zuwa, waɗanda ba su yarda su biya kuɗin hadaya a banki a ce musu "an yanka" ba, sai sun shafa gadon bayan ragonsu da hannunsu. Ga Sawakini na Sudan, ga Barbari mai baƙin kai na Somaliya, ga Harri ɗan gida, wanda in aka faɗa maka kuɗinsa sai ka tambaya ko da mota ake haɗawa. Ciniki ya ƙi faɗawa, rana ta ƙi sassautawa, na koma inuwar wata babbar mota in sha iska. Sai ga yara a wani ɗan fili suna buga ƙwallo. Tsohon malamin wasanni ba ya ganin yara a fili bai ƙirga ba, kamar yadda tela ba ya ganin riga bai leƙa ɗinki ba. Su bakwai ne. Huɗu a nan, uku a can, sai dai an ba masu ukun wani ƙaton yaro don ya cike giɓi. Silifa biyu a kowane gefe, ragar ke nan. Larabci suke ta zubawa, amma da aka taɗe wani ya tashi yana kaɗe ƙura, sai na ji Hausa tsagwaronta, irin wadda ba ta rubutuwa a mujalla. Na ce madalla, jikokinmu ne.

Ba wanda ya ce a jira a cika sha ɗaya. Ba wanda ya ruga kasuwa ya aro yaron mahauci. Sun dubi abin da Allah ya hore, suka raba, suka hau wasa. Ni kuwa da nake tsaye da furfurata da takardar malantata, sai kunya ta kama ni, don na tuna wata Laraba da na kusa zubar da hawaye a bakin fili saboda rashin mutum biyu.

Ka ce hawaye kuma? A Arewa? Ka ce inda aji ɗaya ke ɗaukar yaran da za su cika bas biyu, wasu a ƙasa wasu a taga, a nan za a rasa mutum sha ɗaya? Sannu ɗan birni. Wato kai iyakar Arewarka daga Ƙofar Nassarawa zuwa Ƙofar Ruwa. A cikin Kano gaskiyarka, in firinsifal ya yi kuskuren cewa masu son ƙwallo su fito, sai ya nemi 'yan sandan kwantar da tarzoma. Amma hau mota ka bar kwalta, hau babur ka bar burji, sauka ka naɗe wando ka tsallake rafi. Can za ka tarar da sakandare mai ɗaki uku, allon sunanta ya kusa fin ta girma. Tun da Obasanjo ya ƙaddamar da shirin UBE a Sakkwato a 1999, kowace mazaɓa ke so a ce ita ma tana da ƙaramar sakandare, kuma ba laifi ba ne, gara yaro ya yi karatu kusa da tuwon uwarsa. Ga makarantun 'ya'yan makiyaya da aka kafa wa hukuma tun 1989, waɗanda ɗalibansu ke bin inda ciyawa ta nufa. Ga kuma abin da ba na zolaya ba: tun bayan Ƙanƙara a ƙarshen 2020 da Jangebe a farkon 2021, iyaye da yawa sun janye 'ya'yansu, kuma ba mai ganin laifinsu. Allah ya kawo mana ƙarshen wannan.

Ka ce ai rajista ba ta ƙarya? Allah sarki. Rajistar makarantar ƙauye 'yar'uwar rajistar zaɓe ce, kowa yana ciki, har wanda ya shekara biyu a Legas yana acaɓa. Damina ta ɗauki rabonta, cirani ya ɗauki nasa, haƙar zinariya ta yayyafi wasu. Waɗanda suka kai ajin ƙarshe kuma, daidai lokacin da ƙafarsu ta yi ƙwari, sai su sulale birni su yi rajistar jarrabawa a inda aka ce "ana taimako." Kai ka rena, wani ya mora.

Makarantar da na koyar ta jeka-ka-dawo ce, a wani ƙauye da ba zan faɗi sunansa ba, don har gobe mai shayin garin yana bina bashi. A takarda ɗalibanmu 58, maza 37. A aji kuwa, ranar da aka yi sa'a, maza ashirin. Cire 'yan aji ɗaya da ƙwallo ta kusa kai musu gwiwa. Cire mai ciwon ƙirji. Cire ɗan liman, da mahaifinsa ya ce gajeren wando sai dai bayan ransa. Cire ɗaya daga cikin wasu biyu da ba sa ga-maciji saboda rikicin iyakar gona da kakanninsu suka mutu suka bari, in ka ba wannan riga wancan ya tuɓe tasa. Abin da ya rage sha uku. Na ce alhamdu lillahi, har da canji biyu.

Sai takarda ta zo daga ofishin shiyya: gasar cin kofi ta makarantu, a kawo sunaye 18 da hotuna. Sha takwas! Na cike da 'yan aji ɗaya, na ce ko ruwa sa ɗauka. Wanda ya tsara jadawalin kuma, Allah ya shirye shi, ya sa wasanmu ranar Laraba, Laraba kuwa ita ce kasuwar garin. A ƙauye ranar kasuwa ko hedimasta sai ya saci jiki, balle yaron da shi ke jan amalanken babansa. Da a-kori-kurar da muka ɗauka haya ta iso, yara tara ne a gindin darbejiya. Na taran ma da sandar kiwo ya zo, ya ce ya bar wa ƙanensa shanun "na ɗan lokaci." Shi ne golana.

Firinsifal ya ja ni gefe ya rage murya. "Malam, ga mai facin bakin tasha, an ce yana da ƙafar hagu. Ga kuma yaron mai shayi. A ba su riga mana." Na ce, "Yallaɓai, mai facin nan fa 'ya'yansa biyu." Ya ce, "To ai ba da 'ya'yan zai buga ba." Ka ce na ƙi saboda tsoron Allah? Na gode da kyakkyawan zato, amma tunda daga Makka nake bari in faɗa maka gaskiya: na je. Mai faci ya ce ranar kasuwa ce, sai an biya shi cinikin yini. Muka lissafa, kuɗin ya fi na motar. Talauci ne ya tsare mana mutunci a ranar, ba taƙawa ba.

Muka tafi mu tara. Abokan karawarmu babbar makaranta ce ta cikin gari, jesi iri ɗaya, takalmin ƙwallo a kowace ƙafa, benci cike har da masu tsayuwa. Namu singileti ne da na zana wa lamba da shuni. Ɗan bayansu mai lamba biyar, wai ɗan aji huɗu ne, da safe ya aske gemu, kafin a tafi hutun rabin lokaci ya fara tofowa. Ana tsakiyar wasa wani ɗan tatsitsin yaro ya ƙwala kira daga bakin fili, "Baba, buga!" Mutum uku a cikinsu suka waiwaya.

Rafali ya ce tara ta halatta, don dokar ƙwallo ta ce muddin ƙungiya tana da bakwai wasa yana nan. Yarana suka dage, minti ashirin cur ba a ga ragarmu ba. Sai ɗaya daga cikin Babannin ya taka mana ɗan gaba, muka koma takwas. Bayan hutu jijiya ta ɗaure wa wani, wanda tun safe koko kaɗai ya gani, muka koma bakwai. An zura mana uku, muna nan dai da ranmu. Can sai ga mai babur ya taho da ƙura a bayansa, bai ko kashe inji ba ya yi shela: shanu sun shiga gonar mai unguwa! Golana bai tsaya sallama ba, ya ɗauki sandarsa a gindin raga ya ɗare bayan babur. Mu shida. Rafali ya dubi agogo, ya dube ni, ya hura tashi. A takardar sakamako aka rubuta wai mun gudu.

Dariya kake? Yi abinka. Ka ce to ai magana ta ƙare, sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi, makarantar da ba ta da mutane ta haƙura da ƙwallo ta koma carafke? A'a, zauna, yanzu aka fara. Tambaya ɗaya gare ni, kai da ka haddace sunayen 'yan Arsenal har da na benci amma ba ka san sunan kansilanka ba: wa ya ce sai sha ɗaya? Wahayi aka yi da ita? Je ka tambayi masu abin. Da Turawan Ingila suka zauna a Landan a 1863 suka rubuta dokokin hukumar ƙwallonsu na farko, ko adadin 'yan wasa ba su ambata ba. Ɓangarorin biyu ne ke daidaitawa kafin a take, kamar dai yaran Ka'akiyya. Daga baya ne sha ɗaya ta sami gindin zama. Mu kuwa da muka karɓi abin aro, sai muka fi mai kora shafawa.

Amurka ma, da kake ganin komai nata ƙato ne, tana da ƙauyukan da in kare ya yi haushi a gabas za a ji shi a yamma. A 1934, ana cikin matsin tattalin arzikin nan da ya kwashe mutane daga karkara, wani malami mai suna Stephen Epler a ɗan garin Chester na jihar Nebraska ya shiga irin halin da na shiga. Wasansu mai kama da zari-ruga, wanda ake sa hular kwano ana karo kamar raguna, shi ma mutum sha ɗaya yake so. Epler bai je wajen mai faci ba. Alƙalami ya ɗauka ya mai da wasan na mutum shida, ya rage tsawon fili daga yadi 100 zuwa 80, faɗi ya koma 40. Yau a Texas kaɗai makarantu sama da ɗari ke buga shi, da gasarsu da kofinsu da zakaransu. Har doka suka yi ta jin ƙai: daga hutun rabin lokaci zuwa sama, in aka ba ka ratar maki 45, sai a tashi wasan kowa ya koma gida da ragowar mutuncinsa. Ka ce wasan shida ai wasan yara ne, ba zai fitar da gwani ba? Jack Pardee a wasan shida ya taso, a wani ɗan gari Christoval, ya je ya buga a babbar gasar ƙwararru ta ƙasar, daga baya ya zama kocin Chicago Bears da Houston Oilers. Kai da ka taso a wasan sha ɗaya, ina ka buga? Gidan kallo ba ya cikin lissafi.

Kuma ba malamai kaɗai ke da wannan dabara ba. Zari-ruga ta mutum bakwai, maimakon sha biyar, a wani ƙaramin gari Melrose na Sukotlan aka fara ta a 1883, kuma wanda ya kawo shawarar, Ned Haig, mahauci ne. Ka ji, mahauci! Su dai a ko'ina sun san yadda ake rage ƙashi a bar tsoka. Yau wasan yana cikin Olamfik, kuma Fiji, ƙasar da mutanenta ba su cika miliyan ba, ita ta ɗauki zinarensa na maza a 2016, ta sake ɗauka a Tokiyo. Ƙwallon ƙafa ta mutum biyar kuwa wani malami ne, Juan Carlos Ceriani, ya tsara ta a Montebidiyo a 1930, kuma FIFA da kanta ke shirya mata kofin duniya.

Ka ce duk wannan na Nasara ne? To dawo gida. Yaushe aka taɓa fasa langa don ba a cika sha ɗaya ba? A fitar da ruwa, a ba shi masu tare masa, kowa ya kama ƙafa ɗaya, shi ke nan wasa ya kankama a farin wata. Kokawa mutum nawa take so? Ɗaya da abokin karawarsa. A Nijar tun 1975 ake gasar kokawa ta cin takobi, ƙasa gaba ɗaya ta tsaya cak tana sauraron rediyo saboda mutum biyu a cikin yashi, kuma yawancin zakarun ba a birni aka yaye su ba. Langa da kokawa da dambe duk suna cikin gasar wasanni ta ƙasa a Najeriya, ana cin lambar zinariya da su. Golan nan nawa mai sandar kiwo, da kokawa aka kira mu, da Babannin nan uku sai sun nemi 'ya'yansu sun tashe su.

Na ji abin da ka raɗa. Ka ce ko ma me za a yi, ƙaramar makaranta ba za ta taɓa kada babba ba. Taɓawa dai an taɓa. A 1954 makarantar Milan ta jihar Indiyana, mai ɗalibai 161, ta ɗauki kofin ƙwallon kwando na jihar baki ɗaya, ta doke Muncie Central, wadda ta ninka ta kusan sau goma, da ci 32 da 30. Har fim aka yi a kan labarin, Hoosiers, a 1986. Ga Aisilan, da mutanenta ba su kai dubu ɗari huɗu ba a lokacin, ta kori Ingila daga gasar Turai a 2016, ɗaya daga cikin masu horar da ita kuwa likitan haƙori ne. Amma kada ka ɗauka zan ruɗe ka da tatsuniya. An yi fim a kan Milan ne don abin ba ya faruwa kullum, ba a yi wa fitowar rana fim. Aisilan ɗin ma da ta haɗu da Ahmed Musa a Rasha a 2018, biyu ya ba ta ba ko ɗaya. Indiyana da kanta, bayan gasar 1997, ta daina haɗa kowa a tukunya ɗaya, ta raba makarantu gwargwadon girmansu. A Ka'akiyya ma ban ga an sa ɗan Barbari da raƙumi a sikeli ɗaya ba. A gidan dambe ba a fitar wa yaro sai da sa'ansa. Mu kaɗai ne muke haɗa makaranta mai maza ashirin da mai dubu, mu ba su fili ɗaya, mu kira abin gasa.

To daga nan ne sojan haya ke samun aiki. Af, me ya sa ka sunkuyar da kai? Kada dai ka ce kai ma ka taɓa sa rigar makarantar da ba ka san ƙofarta ba? Na gane ka ai, kai ne mai lamba biyar! Ka ce ai kowa na yi? Kowa na yi, shi ya sa muka kai shi har gaban duniya. A 1989 FIFA ta dakatar da Najeriya shekara biyu daga gasannin matasa saboda shekarun haihuwar wasu 'yan wasa sun ƙi jituwa da juna. A wannan shekarar ce kuma Saudiyya ta ɗauki kofin duniya na 'yan ƙasa da 16 a Sukotlan, ta doke masu masaukin da bugun fanareti, kuma har yau mutanen can suna gunaguni a kan gashin bakin da suka ce sun gani, ko da yake gunaguni ba hujja ba ne. Da aka zo gasar 'yan ƙasa da 17 ta 2009, wadda Kano na cikin garuruwan da suka karɓi baƙuncinta, sai da FIFA ta koma ɗaukar hoton ƙashin wuyan hannu don ta gane yaro da babansa. Ka ga inda shawarar firinsifal ɗina take kai mutum. Daga gindin darbejiya ake farawa.

Ka ce to ni me na zo da shi, ban da surutu? Watanda. Ka san ta ai, kai da ko Sallar bara a cikinta ka ci nama. A Ka'akiyyar nan na ga mutum bakwai sun kewaye raƙumi guda, kowa da kasonsa, don shari'a ta yarda bakwai su yi tarayya a raƙumi ko saniya. To in makarantata tana da tara, ta ƙauyen gaba tana da bakwai, me zai hana mu haɗa mu fitar da ƙungiya ɗaya ta halak, kowane yaro da sunansa a rajistar gaskiya? A jihohin Amurka masu faɗin ƙasa da ƙarancin jama'a, irin su Montana da Dakota ta Arewa, haka suke yi, makarantu biyu ko uku su haɗa, a jera sunayensu a ƙirjin riga kamar kamfanin lauyoyi. Na san abin da za ka ce, kuma a nan kam ka ɗan taɓa gaskiya: sunan wane gari za a fara rubutawa? A filin wa za a yi atisaye? In an ci kofi, a zauren wane dagaci zai kwana? Ƙauyuka biyun da suka shekara talatin suna jayayya a kan wa ya fi cancanta da masallacin Juma'a, su ne za su raba kofi? Za su raba. Wata shida a nan, wata shida a can. Riga ta wannan gari, wando na wancan. In mutum bakwai da ba su taɓa ganin juna ba sun iya raba raƙumi ba a zare wuƙa a kan kowa ba sai raƙumin, kofin gwangwani ba zai gagara ba.

Ka ce gara a huta, a rufe ƙananan makarantun a tattara yaran wuri ɗaya? Saudiyya tana yin haka, tana haɗe ƙananan makarantun ƙauyukanta, amma da kwalta a ƙasa da bas mai ruwan ɗorawa a ƙofar gida. Kai me ka tanada? Ƙafar yaro? Ranar da makaranta ta koma bayan rafi, 'ya mace za a fara cirewa, namiji ya biyo baya da damina. Kana neman cika ƙungiya, ka watse aji. Tunda ma an ambaci mata, 'yan mata 21 da ke rajistata fa, wa ya tuna da su? Tseren miƙa sanda mutum huɗu yake so, ƙwallon raga shida. Saudiyyar da kake kafa hujja da ita, tun 2017 ta sa darasin motsa jiki a makarantun mata na gwamnati.

Saura babbar sandarka, na ga kana ta ɓoyon ta a baya. Ka ce makarantar da ba alli, ba rufi, malami ɗaya ke koyar da lissafi da Hausa da aikin gona, ita ce za a zo wa da zancen ƙwallo? To ni na riƙe rajistar, ba kai ba. Talata da Alhamis muke atisaye, kuma na kafa doka: wanda ban gani a aji da safe ba, ba zai taɓa ƙwallo da yamma ba. Ranakun nan biyu har benci ke yin kaɗan. Yaron da bulala ta kasa kawowa, da wa'azin firinsifal ya kasa kawowa, wata 'yar roba mai faci uku ta kawo shi, ya zauna ya sha lissafin dole kamar maɗaci. Yaran nan biyu masu gadon rikicin gona kuwa, ranar Larabar nan dole ta sa duka suka sa riga. Ɗaya ya miƙa wa ɗaya ƙwallo, ya rantse bisa kuskure ne, amma tare suka zauna a bayan a-kori-kura da za mu dawo. Dagaci ya shekara yana neman wannan bai samu ba.

Kuma kada ka raina 'yan silifan Ka'akiyya. Irin waɗannan filaye na unguwa, da suke kira hawari, su ne gandun renon ƙwallon Saudiyya. Da ƙasar ta je kofin duniya na 2018, Hausawi uku ne a tawagarta, Usama da Umar da Mu'utaz, kuma kyaftin ɗin, Usama, haifaffen Makka ne da ya taso a ƙungiyar Al-Wahda ta garin. Ka ce ai Rasha ta ba su biyar a wasan buɗe gasa? Ta ba su. Bayan shekara huɗu kuma ƙasar ta ba Ajantina, da Messi a ciki, biyu da ɗaya, har sarki ya ba da hutu washegari. Kai ranar wa ka goya wa baya? Kada ka amsa, na ga rigar a igiyar shanya.

Don haka, ya ku masu zama a ofisoshin shiyya da ma'aikatun ilimi, ranku ya daɗe, ba kuɗi na zo roƙo ba, na san amsar. Ku ware wa ƙananan makarantu gasarsu, ta biyar-biyar ko bakwai-bakwai. Ku halatta musu watanda. Ku sa langa da kokawa a jadawali. Ku bari a gama girbi. Kuma don girman Allah, kafin ku sa ranar wasa, ku tambayi ko da masinja ne yaushe kasuwar garin take ci.

Can a Ka'akiyya, da aka kira magariba, kowane yaro ya je ya zura silifansa, raga ta ɓace, fili ya koma wurin ajiye mota. Ban san wa ya ci ba, don ɓangarorin biyu duk sun tafi suna iƙirari. Ni ma daga ƙarshe Barbari na saya, mafi ƙanƙanta a garken, kuma ya isar.

Kai kuma, Malam mai gardama, tunda har yanzu kana girgiza kai, ga fili ga mai doki. Zo da biyar ɗinka, zan nemo biyar a ƙauyen, ranar da ba kasuwa. Kowa ya taho da takardar haihuwarsa, ta asali, ba wadda tawadarta ba ta bushe ba. Kai za ka tsare gida, don da wannan tumbin ko ba ka motsa ba ka toshe rabin raga. In kuma za mu bi ta wajen mai shayin nan, kai za ka shige gaba.